Amsa kan bindigar ruwan da tankinta ke yoyo

Wa alaikumus salam. Hajiya, kin ce bindigar ruwan da kika saya wa yaronki a kasuwar Wunti da Sallah tankinta na yoyo, kin sa sufa gulu har sau biyu yana ɓamɓarewa. Na san wannan wahalar. Yara huɗu ne a gidana, kuma ba a Sallah a watse ba a kawo min gawar bindiga ba.

Ki dakata da gam tukuna, ki fara gano inda ruwan yake fita. Yadda mai faci yake yi wa tayar keke za ki yi: a zazzage ruwan, a rufe murfin, a buga famfon sau uku ko huɗu, a nutsa ta cikin bokiti, a ga inda kumfa ke tasowa. Ni karon farko kwana biyu na yi ina liƙe gindin tanki, ashe daga wuya ruwan yake fita, ya gangaro ta gefe ya ɗiga a ƙasa. Wata 'yar baƙar roba mai kama da zobe ce a cikin murfin ta tsinke. Na yanko madadinta daga tsohon tib ɗin keke, na naɗa farin tef ɗin masu gyaran famfo zagaye huɗu a wuyan, yoyo ya tsaya. Kada dai a shafa mata basilin, kumbura irin wannan robar yake yi.

In kuwa jikin tankin ne ya tsage, to ba gam ɗinki ne jabu ba. Yawancin tankunan nan da irin robar jarka ake yin su. Ki juya gindinsa, in kin ga lamba 2 ko 5 a cikin 'yar alama mai kusurwa uku, ita ce. Santsi gare ta kamar an shafa mata kakin zuma, gam ba ya kama ta, ko Araldite ne sai ya ɓare. Da irinta ma ake yin murfin gam ɗin, shi ya sa ake iya buɗe shi.

Wuta ce maganinta. Masu liƙin robar nan da ke yawo unguwa da kaskon garwashi sun san aikin sarai. In a gida za a yi, a ɗora allura a wuta a ɗan huda ƙarshen tsagar ta kowane gefe, don kada ta ci gaba da tafiya. A yanko siririn zare daga tsohuwar jarka ko wata roba mai lamba ɗaya da ta tankin, a zafafa tsohuwar wuƙa, a narka bakin tsagar kaɗan, sannan a kwantar da zaren a kai ana gogawa har su zama abu guda. Hannu ya yi sauƙi, na taɓa dannawa na huda tankin gaba ɗaya. A tsakar gida za a yi, hayaƙin ba shi da kyau, kuma a kori yaran, don sai sun leƙo.

Wani abu ɗaya. In irin wadda ake buga wa iska ce ta taru a cikin tankin, salon Super Soaker da injiniya Lonnie Johnson ya ƙirƙiro a Amurka, kuma tsagar ta kai tsawon yatsa, ni ba na liƙewa. Da yaro ya cika ta da iska za ta sake buɗewa, wataƙila kusa da fuskarsa. Sai a kunce tankin a gwada gorar lemo mai gas, don ita dama an yi ta ta jure matsi. In bakin ya hau daidai, an gama.

Rana ce take gasa tankunan nan har su yi ƙaras, musamman zafin Maris da Afrilu a nan Bauchi. A riƙa sauke iskar a ajiye a inuwa. Ta autana tun Ƙaramar Sallah da gorar lemo take aiki, jiya ma ya jiƙa min babbar riga ina shirin fita masallaci.