Ga ɗan'uwan da ya daina taba amma Yayansa na busa ta a ɗakinsu

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Wallahi da na karanta abin da ka rubuta sai da ƙirjina ya yi nauyi. Ka ce ka bar sigari 'yan watannin nan, ɗaki ɗaya kuke kwana da Yayanka wanda har yanzu yake sha, kuma kwanan nan da warin ya buge ka sai yawu ya tsinke maka, barci ya ƙi zuwa. Kana tambaya ko hayaƙin wani zai iya mayar da mutum gidan jiya. Zai iya. Ni shi ya mayar da ni, kuma a lokacin da nake ganin na gama da ita har abada.

Kada ka bari kowa ya ce maka raunin zuciya ne. Hayaƙin da ke tashi daga bakin karan, da wanda mai sha ya feso, duk akwai nikotin a ciki, wato sinadarin da ke sa mutum ya kamu da taba, kuma huhunka bai san wanda ya sayi karan ba. A shekarar 2011 wasu likitoci a Kalifoniya ta Amurka sun zaunar da mutane awa ɗaya a cikin mota tare da mai shan taba, sannan suka ɗauki hoton ƙwaƙwalwarsu. Sun tarar nikotin ya kama kusan kashi ɗaya cikin biyar na wuraren da yake kamawa a ƙwaƙwalwa, alhali ba su zuƙa ko sau ɗaya ba. Waɗanda dama mashaya ne a cikinsu kuma, sha'awar tabar ta ƙaru musu. Awa ɗaya kenan. Kai kuma kwana kake yi a ciki. Mu da muka taɓa sha, abin nan yana nan kwance kamar garwashin da toka ta rufe, iska kaɗan yake jira.

Ni a mota abin ya same ni. Lokacin ina bin wani maigida a tirela, muna ɗaukar kaya daga Kano zuwa Legas. Ya san na daina. A gabansa na yi ta fama da tari da ciwon kai da baƙin rai na makonnin farko, a gabansa matata ta yi min addu'a ta waya ranar da na gaya mata na jefar da kwalin ƙarshe. Amma bawan Allahn nan ko sau ɗaya bai taɓa cewa bari ya tsaya ya sauka ya sha ba. Lokacin hunturu ne, gilasai a rufe ruf, da na sauke nawa kaɗan sai ya daka min tsawa wai zan sa masa mura. In ya zuƙa sai ya juyo ya feso ta gefena yana dariya, yana ce min “Ustaz”. Ustaz kaza, Ustaz kaza, har a wurin mai shayi a gaban sauran direbobi. Na haɗiye duk wannan, don abincina a hannunsa yake.

Daren da ba zan manta ba, mun wuce Tegina mun nufi Mokwa, hanya duk ramuka, barci na fizgarsa. Sai ya miƙo min kwali da laita ba tare da ya kalle ni ba, ya ce, “Kunna min, hannuna na kan sitiyari.” Duk wanda ke cikinmu ya san ba a kunna sigari sai an sa ta a baki an ja. Na ce Oga ka yi haƙuri. Ya ce in na fi son mu faɗa rami da kayan mutane, to. Na sa a baki, na kyasta, na ja sau ɗaya na miƙa masa. Ɗan'uwa, kafin mu kai gadar Jebba hannuna rawa yake yi, ba abin da nake kallo sai jar wutar nan a bakinsa cikin duhu. Da muka tsaya sallar asuba shi da kansa ya zaro kara ya ajiye min a kan cinya, ya ce, “Dama na san ƙarya kake.” Wannan maganar ta fi tabar ƙona ni. Har yau in na tuna yadda ya faɗe ta, da murmushin da ya yi, sai in ji wani abu ya tokare min wuya. Mutumin da ya haifi kamata. Me zai ragu a jikinsa in na rabu da ita? Na daɗe ina tambayar kaina wannan. Daga baya na gane akwai mashayin da ganin ka daina yake tsone masa ido, don kullum kana tuna masa abin da ya kasa. Na yafe masa don Allah, amma ban sake shiga motarsa ba, kuma sai da na bar motar sannan na iya sake dainawa.

Ban ce Yayanka haka yake ba, Allah ya kiyaye. Mai yiwuwa ma bai san halin da kake ciki ba. Amma don girman Allah kada ka yarda a aike ka sayo masa, ko kara ɗaya. Kada ka miƙa masa ashana, kada ka kwashe masa guntaye da toka. Abin da ya fi hayaƙin haɗari shi ne kwalin da ke ajiye a kan taga ƙarfe biyun dare, kowa na barci, hannunka na iya kaiwa. Roƙe shi ya riƙa barin kwalin a aljihun rigarsa ko cikin akwati mai makulli.

Maganar da za ka yi masa kuma, kada ka yi ta lokacin da karan ke hannunsa, kuma kada ka shigo da wa'azi, yaya ba ya son ƙani ya yi masa wa'azi. Ka same shi bayan an ci abinci ka ce, “Yaya, taimako nake nema, in ka sha a ɗaki ba na iya barci, ina tsoron in koma.” In ka san ba zai saurare ka ba, ka bi ta wajen Hajiya ko wani amininsa da yake jin nauyi. Abin da kake nema ɗaya ne, a fitar da shan taba daga ɗakin gaba ɗaya. Buɗe taga ko kunna fanka ba ya korar ta, warin yana kama katifa da labule da bargo. In ya amince, ka wanke labulen, ka shanya katifar a rana, ka raba kayanka da nasa. In ya ƙi, wallahi gara ka ɗauki tabarmarka ka koma zaure ko ɗakin wani aboki na ɗan lokaci. Sauro ya fi sauƙi.

Ka lura da majalisa ma. Ni na daɗe ban zauna wajen mai shayinmu ba, saboda shayi mai kauri da sigari a wurina tare suke tafiya. Wasu suka ce na yi girman kai. Su faɗa. Da azumi kuma bayan shan ruwa, lokacin da kowa ke rige-rigen kunnawa, ka tashi ka tafi masallaci da wuri. Shisha ma kada wani ya ruɗe ka da ƙamshin tuffa, taba ce, nikotin ɗin yana nan.

In sha'awar ta taso, ba ta daɗewa, mintuna kaɗan ne ta lafa in ba ka biye mata ba. Fita waje, sha ruwa mai sanyi, yi alwala, taka zuwa bakin titi ka dawo. Ni aswaki da kanumfari suka riƙe ni, kullum suna aljihuna, don baki da hannu sun saba da riƙe wani abu. Akwai cingam da filasta na nikotin da ake samu a wasu manyan kantunan magani, ka tambayi likita ko mai harhaɗa magani yadda ake amfani da su, ba abin kunya ba ne.

Abin da ke ƙona min rai, mu ne ake mayarwa masu tsirfa in mun yi magana. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum miliyan ɗaya ke mutuwa duk shekara saboda hayaƙin tabar da ba su suka sha ba. Hayaƙin nan akwai sinadarai sama da 7,000 a cikinsa, kusan 70 daga ciki suna jawo sankara. Tun 2015 akwai doka a Najeriya da ta hana shan taba a motocin haya da wuraren taruwar jama'a, ta hana sayar da ita kara-kara, ta hana sayar wa yaron da bai kai 18 ba. Je ka tasha ka gani. Ɗiyata ta fari da tari ta taso, kullum muna hanyar asibiti, sai da hayaƙi ya bar gidanmu ƙirjinta ya sarara. In akwai yara da ke shiga ɗakin naku, ka ambata wa Yaya su, wani lokaci abin da ba a yi don ƙani ba a kan yi shi don yaro.

In kuma har ka riga ka ja ɗaya ba ka faɗa mana ba, kada ka ce shi kenan an gama, ka je ka sayo kwali. A nan ne yawancinmu muke zurmawa. Watannin da ka yi ba su zube ba. Ka gaya wa wani a ranar, ko nan ka rubuto mana ko da tsakar dare ne, akwai waɗanda ba sa barci. Kuma ka gaya mana ko da dare Yaya ya fi sha ko da safe, da ko akwai inda za ka iya raɓawa na wata ɗaya ko biyu, sai mu san ta inda za mu ɓullo wa abin.