Ƙarar cikin mota: tsohuwar Porsche 911 ko sabuwa?

Malam, ka tambaya ko tsohuwar motar tsere ta fi ta zamani ƙara da wahalar zama a doguwar tafiya. Ta fi ƙara, amma ba kamar yadda ake zuzutawa ba.

Ɗauki Porsche 911. Har zuwa 1998 akwai mai injin da iska ke sanyayawa, babu lagireto. Ruwan da ke zagaye inji yana shanye ƙara, to ita ba ta da shi: ƙugin inji da ƙarar fankarsa suna bayan kunnenka, don injin a bayan motar yake, iska na shigowa ta gefen gilashi, hira sai da ɗaga murya. Ga zafi, don esin nata bai taka kara ya karya ba.

Sabuwar ta yi maganin wannan, sai dai ta jawo wata matsalar, wato taya. Tayoyin yanzu faɗi gare su, ga ƙaton wili, robar gefe kuma 'yar siririya. A kwalta mai kaushi za ka ji gurnaninsu ya cika motar, ƙaramin rami kuwa har ƙugunka. Tsohuwar, da tayarta mai kauri, ta fi lallashin gargada. Shokozoba mai daidaita kanta, wadda Porsche ta fara sa wa 911 a 2004, tana ragewa, ba ta kawarwa.

Abin dariya, wasu sababbin sun yi shiru har BMW ta koma sako ƙarar inji ta sifika a motarta M5 ta 2011.

In tafiyar yini ce, ni sabuwa zan ɗauka, amma da ƙaramin wili. Kafin ka biya, gwada ta a hanya mara kyau, rediyo a kashe.