Tambayoyinku: Tarin Hunturu, Sanyi ne ko Hazo?

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Ni uwa ce daga Kura a jihar Kano. Ina da yaro ɗan shekara 4, duk shekara da zarar an kwashe shinkafa, iska ta juya, sai ya kama tari. Ya fi tsananta da asuba, wani lokaci har ƙirjinsa na ƙara. Da damina lafiyarsa ƙalau. Surukata ta ce sanyi ne ya shige shi, don haka kullum da dare muna shigar da kaskon garwashi ɗaki mu rufe taga. Maigida kuwa ya ce hazo ne, sai haƙuri. Wa ke da gaskiya?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba yaro lafiya. Kafin in raba gardamar, ki yi wa Allah ki fitar da kaskon nan daga ɗaki tun daren yau. Gawayi idan yana ci a rufaffen ɗaki yana fitar da wata iska mai guba da ake kira kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari. Takan fara da ciwon kai da jiri da tashin zuciya, mai barci kuwa ba ya ma sanin ta kama shi, sai dai a wayi gari ana salati. Ko garwashin ya yi jajir babu hayaƙi, gubar tana fita. Haka janareta idan an kunna shi a soro ko a bakin taga. Ki ƙara wa yaro bargo da rigar sanyi da safa da hula, ki bar 'yar kafa a taga. Hajiya ƙauna ce ta sa ta, don haka ki sami maigida ya yi mata bayani cikin ladabi, zai fi shiga daga bakin ɗanta.

To, maigida ya faɗi rabin gaskiya. Hazon hunturu daga nesa yake zuwa. Yawancinsa daga wani kwari yake tasowa a arewacin Chadi, Bodele, wanda a da can ƙasan wani makeken tafki ne da ya ƙafe, ya bar farar ƙasa mai laushi. Iska kan kutso ta tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi da ƙarfi, ta kwashi ƙasar nan ta yi sama da ita, cikin kwana ɗaya ko biyu ta sauke mana ita a Kano. Ita ce kike sharewa a kan faifai da murfin randa, ita ce ke hana jirgi sauka a filin jirgin Malam Aminu Kano. Daga Nuwamba zuwa wajen Maris haka ake fama. Wannan kam ba mai iya tare ta. Kuma sanyin da ke zuwa tare da ita ba duka sharri ba ne, tambayi manoman alkama na Kadawa, shekarar da ɗari bai kankama ba kuka suke yi.

Amma inda nake so ki tsaya shi ne maganar da kika yi cewa tarin ya fi tashi da asuba. Masu fuka dama tarinsu ya fi tashi a ƙarshen dare, sannan a garin noma akwai abin da ke ƙara rura shi. Da daren hunturu ƙasa na yin sanyi da sauri, iskar da ke kusa da ita ta yi nauyi ta kwanta, mai ɗumi ta zauna a samanta kamar murfin tukunya. Duk hayaƙin da aka tayar da yamma ba ya samun hanyar tashi. Ki lissafa abin da ake ƙonawa bayan kaka: ciyawar shinkafa a gona don a yi sauri a shiga noman rani, tulin buntu a bayan injinan casa da ke kwana yana ci a hankali, itacen masu turara shinkafa, bola da leda a bakin layi, wutar da matasa ke hurawa da tsohuwar taya suna jin ɗumi, ga murhun kowane gida. Ki fito bayan sallar asuba ki dubi gari, za ki ga hayaƙin shimfiɗe daidai tsayin katanga, ba ya watsewa sai rana ta ɗaga. Ƙurar Chadi mai ɗan kauri hanci da maƙogwaro kan tare wani sashe nata. Hayaƙi kuwa ƙwayoyinsa ƙanana ne ƙwarai, suna zarcewa can cikin huhu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta kiyasta cewa a shekarar 2020 gurɓatacciyar iskar cikin gida ta yi sanadin mutuwar mutum kusan miliyan 3.2, cikinsu har da yara 'yan ƙasa da shekara 5 sama da 237,000. Abin da ke ci min rai shi ne mun saba ɗora wa hunturu laifin komai, alhali wannan kason da hannunmu muke kunna shi. Ciyawar da ake cinna wa wuta ma abincin dabbobi ce a bazara, in ta ruɓe kuma taki ce.

Ga abin da za ki yi. Ki hana yaro fita wasa da sassafe har sai rana ta yi, musamman ranar da hazo ya rufe gari. Kada ya zauna kusa da murhu lokacin girki. Ki yayyafa ruwa kafin shara, ki goge kayan ɗaki da jiƙaƙƙen tsumma. Turaren wuta da maganin sauro na kunnawa ki ɗan jingine su, na san da wuya a wajenmu mata, amma ƙirjinsa ba zai ɗauka ba. Ki yawaita ba shi ruwa, ki shafa masa man kaɗanya a leɓe da ƙafa.

Sannan ki kai shi asibiti a saurari ƙirjinsa. Tari mai ƙara da ke dawowa duk shekara a lokaci ɗaya yana iya zama fuka, kuma tana da magani na shaƙa da yara ke samun sauƙi da shi sosai. Idan yana kwance shiru kika ƙirga numfashinsa ya kai 40 a minti ɗaya, ko kika ga ƙasan haƙarƙarinsa na lotsawa in ya ja numfashi, ko ya kasa shan ruwa, kada ki jira gari ya waye.

Tambaya: Anti, ni manomi ne daga Bunkure. Gaskiya ne zafi ke kawo sanƙarau? Muna kwana a ɗaki ɗaya da yara shida.

Amsa: Malam, ƙwayar cuta ce ke kawo shi, ana ɗaukarta ta numfashi da tari. Rawar da yanayi ke takawa ita ce, busasshiyar iska da ƙura suna kakkarce fatar cikin hanci da maƙogwaro, ƙwayar ta sami ƙofar shiga jini. Shi ya sa yake farawa cikin hunturu, ya tsananta a Maris da Afrilu, ya lafa idan ruwa ya sauka. Manya ba su manta da 1996 ba, shekarar da ya kashe mutum sama da 11,000 a Najeriya, Kano na cikin inda abin ya fi muni. Cunkoso a ɗaki marar taga shi ne babban abokinsa, saboda haka ku rarraba wurin kwana, ku buɗe tagogi, in bazara ta shigo a fito tsakar gida cikin gidan sauro. A 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabuwar allurar rigakafi mai kare mutum daga nau'i 5 na ƙwayar, ka tambaya a asibitin garinku. Zazzaɓi mai zafi da ciwon kai da sanƙarewar wuya, ko jariri da maɗigarsa ta kumbura, a nufi asibiti nan take, ba sai an fara gwada jiƙo ba.