Garin ƴan ɗaga ƙarfe mai zaƙi ba sukari: da gaske yana kawo ciwon daji?

TAMBAYA

Salamu alaikum Dakta, ina wuni ina gajiya. Ni matashi ne shekarata 24, ina unguwar Sabon Gari nan Damagaram, ina ɗaga ƙarfe kusan shekara biyu, nauyina kilo 70. Wata uku ke nan ina shan garin furotin da abokina ke kawo min daga Kano, da wani jan gari da ake sha kafin a fara motsa jiki, shi wannan a leda yake auno min. An ce duka babu sukari amma zaƙi kamar zuma. To yayana ya turo min odiyo a WhatsApp wai zaƙin nan guba ne, OMS, hukumar lafiya ta duniya, da kanta ta ce yana kawo ciwon daji, har Inna ta ji ta ce sai na zubar. Kuma gaskiya in na sha jan sai zuciyata ta riƙa bugawa da sauri, barci ma sai can tsakar dare. Zaƙin ne ke min haka? In daina ko in ci gaba?

AMSA

Wa alaikumus salam ƙanena, lafiya lau. Ka gaida Inna, ka ce mata tana da gaskiya a kan gari ɗaya daga cikin biyun, sai dai ba don dalilin da aka faɗa mata ba.

Bari mu fara da zaƙin tunda shi ya tada hankalin gidan. Ɗauko bwat ɗin furotin ɗinka ka duba ƙasan etiket, can inda aka jera abin da ke ciki da ƙananan rubutu. Galibi za ka ga ɗaya ko biyu cikin waɗannan: sukraloz mai lamba E955, asesulfam K mai lamba E950, aspartam E951, ko stebiya E960 wadda daga ganyen wata shuka ta ƙasar Paraguwai ake fitar da ita. Kuma fa ba baƙin abu ba ne a nan Damagaram, sakarin ɗin da wasu masu zoɓo da lamurje da ƙanƙara ke sakawa don rage kuɗin sukari ɗan gidansu ne, lambarsa E954, tun 1879 aka gano shi. Wato da wuya a ce a cikin garin motsa jiki ka fara haɗuwa da irinsu, tun kana lakwal kake tsotsarsu a leda.

Abin da ya sa kamfanoni ke son su, zaƙinsu ya ninka na sukari nesa ba kusa ba. Aspartam da asesulfam kusan sau 200, sukraloz kusan sau 600. To yi lissafi da kanka. In ana so cokali ɗaya na garin ya yi zaƙin sukari giram 30, miligiram 50 na sukraloz ya isa. Kwamitin masana na OMS da FAO, hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda ake kira JECFA, ya ce mutum zai iya shan miligiram 15 na sukraloz a kan kowane kilo na nauyinsa kullum har ƙarshen rayuwa ba tare da an ga illa ba. Kai mai kilo 70, miligiram 1050 ke nan, cokali 21 a rana. Ko da ma'aunin Amurka ka bi wanda ya fi tsauri, miligiram 5 a kilo, cokali 7 ne. Wane ne ke shan haka? Aljihunka ma zai fara kuka kafin cikinka.

Maganar OMS kuwa, odiyon yayanka ya ɗauki rabin zance ya bar rabi. A watan Yuli na 2023 cibiyar binciken ciwon daji ta OMS da ke Liyon a Faransa ta saka aspartam, shi kaɗai ba sukraloz ba, a rukunin da suke kira 2B, ma'ana mai yiwuwa ne yana iya kawo ciwon daji amma hujjar ba ta da ƙarfi. Wannan jerin nasu ƙarfin hujja yake aunawa, ba girman haɗari ba, shi ya sa za ka ga ruwan ganyen alobera na cikin rukunin guda, jan nama kuma yana 2A, sama da aspartam ɗin, amma ban ga wanda ya turo odiyo ya ce a daina cin balangu ba. A rana ɗaya da waccan sanarwar JECFA ta fito ta ce ba ta canza ma'auninta ba, miligiram 40 a kilo, har suka ba da misali da mutum mai kilo 70 kamarka, cewa sai ya wuce gwangwani 9 zuwa 14 na lemo marar sukari kullum kafin ya tsallake iyaka. Sakarin ma ya sha irin wannan zargin a shekarun 1970 saboda ɓerayen da aka ɗura wa shi da yawa sun samu ciwon dajin mafitsara, daga baya aka gane hanyar da abin ke bi a jikin ɓera ba ta aiki a jikin ɗan Adam, Amurka ta cire shi daga jerin abin zargi a 2000.

Ba wai ina ce maka abin alheri ne ba fa. Akwai binciken Faransa mai suna NutriNet-Santé da ya bi mutum sama da dubu 100, sakamakon da ya fito a 2022 ya nuna masu yawan shan waɗannan kayan zaƙi sun ɗan fi sauran samun ciwon daji, kusan kashi 13 cikin ɗari, da kuma ciwon zuciya. Sai dai irin wannan binciken kallo ne kawai, kuma sau da yawa mai ƙiba ko wanda diyabet ta fara taɓawa shi ke komawa kan marar sukari, to ka ga da wuya a rarrabe kaza da ƙwai wa ya riga wani. A 2022 ɗin dai wani gwaji a Isra'ila kan mutum 120 ya nuna sakarin da sukraloz sun canza ƙananan halittun da ke zaune cikin hanji da yadda jiki ke sarrafa sukari cikin sati biyu. Sannan a watan Mayu na 2023 OMS ta ba da shawarar kada a dogara da su don rage ƙiba, tunda ba a ga amfaninsu na dogon lokaci ba. Ni dai abin da na ɗauka shi ne, cokali ɗaya ko biyu a rana ba abin tashin hankali ba ne, amma wanda zai sha garin, ya bi da lemo marar sukari uku, ya tauna cingam, ya sha zoɓon sakarin, kullum ta Allah, shi ya kamata ya rage. Kuma abin dariya, da yawanku da ke tsoron zaƙin gwangwani, da yamma kuna fada kuna shan shayi na ɗaya, na biyu, na uku, sukari kamar za a gina ɗaki da shi, alhali OMS cewa ta yi kada sukari ya wuce wajen giram 50 a rana, in ya tsaya a 25 ma ya fi.

Mai ciwon gado da ake kira fenilketonuriya ba ya taɓa aspartam sam, shi ya sa ake rubuta gargaɗi a jikin kayan, ciwon dai ba shi da yawa kuma tun jarirantaka yake nuna kansa. Kada ka zuba garin mai sukraloz cikin abin da za a soya ko a gasa, hukumar tantance haɗari ta Jamus ta ja kunne tun 2019 cewa in zafi ya wuce digiri 120 yana iya rikiɗa ya fitar da abubuwa marasa kyau. In kuma ciki na maka ƙugi da kumburi da gudawa, duba ko akwai sorbitol E420 ko maltitol E965, su suka ƙware a wannan aikin, ko kuma madarar da ke cikin furotin ɗin ce ba ta karɓe ka ba.

Yanzu mu zo kan abin da ya fi damuna a wasiƙarka, wanda ka saka shi a ƙarshe kamar ba komai ba. Bugun zuciya da rashin barci ba aikin zaƙi ba ne, aikin kafeyin ne. Irin wannan jan garin cokali ɗaya kan ɗauki miligiram 150 zuwa 300, kofi biyu ko uku ke nan a tashi guda. Hukumar kula da abinci ta Turai ta ce babba mai lafiya ya tsaya a miligiram 200 a sha ɗaya, 400 a yini, kai kuma ga shayin fada a kai, wataƙila har da Nescafé na safe. Kafeyin na ɗaukar wajen awa 5 kafin rabinsa ya bar jini, in ka sha bayan la'asar to tsakar dare yana nan yana gadi, kuma tsoka ai a cikin barci take ginuwa, ka ga kana biyan kuɗi kana rushe ginin da kanka. Ƙara da zafin Damagaram na watan Afrilu da Mayu da ke wuce digiri 40, gumi na zuba, ruwan jiki na raguwa, zuciya na gudu, ga ƙarfe a wuya.

Sannan kalmar leda. Wallahi nan ne na tsaya na sake karantawa. Garin da aka auno maka a leda ba suna, ba kwanan wata, ba ka san me ke ciki ba, abokinka ma bai sani ba. Ko masu bwat da etiket ɗin ba duka ke faɗin gaskiya ba: wani ɗakin bincike a Kolon ta Jamus ya auna kaya 634 daga ƙasashe 13, sakamakon ya fito a 2004, kusan kashi 15 cikin ɗari na ɗauke da sinadaran ƙara tsoka na homon da ba a rubuta ba, irin masu taɓa hanta da rage maniyyi. An kuma sha samun DMAA a garin kafin motsa jiki, sinadarin da ke tada tansiyo wanda Amurka ta hana tun 2013 bayan an samu mace-mace. Na taɓa ganin yaro bai kai shekararka ba an kawo shi hannu na rawa, tansiyo ya hau, da aka tambaye shi me ya sha sai ya fito da ƙullin leda daga aljihu, ba wanda ya iya cewa ga abin da ke ciki.

Saboda haka jan garin nan ka bi maganar Inna ka zubar yau. Ka samu gidan likita ko farmasi a auna maka tansiyo da bugun zuciya, in kuma bayan sati biyu da dainawa bugun bai lafa ba, ko ka ji ciwon ƙirji ko jiri ko numfashi na sarƙewa, kada ka jira, je a yi maka gwajin zuciya. Kwana biyu ko uku na farko kanka zai iya ciwo, rashin kafeyin ne, zai wuce.

Furotin ɗin kuwa, in a rufe ya zo da hatiminsa, da sunan kamfani da lambar kaya da ranar lalacewa, kuma ƙodarka lafiya lau, ci gaba da cokali ɗaya a rana, ka ajiye shi inda rana ba ta dukansa. In zaƙin ne har yanzu ke maka shakku akwai marar ɗanɗano, sai ka dama shi a nono ko fura. Mai ɗaga ƙarfe na bukatar wajen giram 1.6 na furotin a kilo, kai giram 112 ke nan a rana, ƙwai ɗaya na ba ka 6, sauran kuma ga wake, ga awara, ga ƙuli-ƙuli, ga kilishi in aljihu ya yarda. In ka samu dama ɗauko hoton etiket ɗin gaba da baya ka turo, mu karanta ƙananan rubutun tare.