Ɗana Zai Je Gudun Sahara Don Marayu, In Hana Shi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ɗana yana aiki a Ingila. Ya ce zai shiga wani gudu a hamadar Maroko, wai shi Marathon des Sables, don ya tara wa wata ƙungiyar marayu kuɗi. Tun da ya faɗa mini barci ya ƙaurace wa idona. Wannan ba jefa kai ga halaka ba ne? In hana shi?
Daga wata uwa a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam, Hajiya. Tsoronki yana kan hanya, don abin ba wasa ba ne. Tafiyar kusan kilomita 250 ce a kudancin Maroko, zango 6 cikin mako guda, kuma zango mafi tsawo ya haura kilomita 80, har dare ya raba ana tafe. Wani Bafaranshe, Patrick Bauer, ya fara ta a 1986 da mutum 23. Kowa yana goye da guzurinsa na mako da abin kwanciya, a jakar da ba ta gaza kilo 6.5 ba. Ruwa da tanti kaɗai masu shiryawa ke bayarwa, ruwan ma a ƙididdige, shi ya sa Musulmi kan koma ga taimama.

An taɓa rasa rai. A gasar Oktoban 2021 zafi ya tsananta, zuciyar mutum ɗaya ta buga ya rasu, kusan rabin mutanen suka janye. A 1994 guguwar yashi ta ɓatar da Mauro Prosperi ɗan Italiya, sai bayan kwana 9 aka same shi a cikin Aljeriya. Yanzu kowa na ɗauke da na'urar da ke nuna inda yake, ga likitoci a kowane zango.

Duk da haka ni ban ga ki hana shi ba. Yaron da ya tuna da marayu yana ƙasar mutane, albarkarki yake buƙata. Sai dai ki gindaya masa sharaɗi, kuma ki tsaya a kai.

Ba a karɓar kowa sai da takardar likita da gwajin bugun zuciya. Kada ya ɗauke su cika ƙa'ida kawai. Abin da ya fi damuna shi ne nau'in ƙwayar jininsa, wato genotype. Da yawa daga cikinmu AS ne, wato muna ɗauke da ƙwayar sikila amma ba mu da ciwon, muna zaune lafiya lau, amma wahala mai tsanani da ƙishirwa da zafi idan suka haɗu suna iya kayar da mai AS nan take, su taɓa ƙoda. In bai san nasa ba ya gwada, in AS ne ya faɗa wa likitan ƙarara, hukuncin likita kuma shi ne ƙarshe. Kada ya ce ai shi ɗan Zariya ne, ya saba da rana. Jikin da ya shekara cikin sanyin Ingila ya manta, sai an sake horar da shi wata da watanni da jaka a baya. Ya kuma riƙa haɗa ruwa da gishiri, don ruwa zalla bayan gumi mai yawa yakan rage gishirin jini har mutum ya suma.

Sai maganar amana. Kuɗin shiga gasar dubban fam ne, kuma wasu daga cikin gudummawar jama'a suke cire shi. Wannan ba ya yi mini daɗi ko kaɗan. Wanda ya ba da fam 10 maraya ya nufa. Ki ce ya biya kuɗin shiga da na jirgi daga aljihunsa, ya tabbatar ƙungiyar tana da rajista, sannan ya buɗe shafin tara gudummawa a intanet irin na JustGiving, inda kuɗin ke wucewa ga ƙungiyar kai tsaye ba tare da sun bi ta asusunsa ba. In aljihunsa bai kai ba bana, gasar tana nan baɗi.