Amsa: sha'awar ce zunubi, ko sai an aikata?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko a koyarwar ikilisiyoyin bishara jin sha'awar jinsi ɗaya zunubi ne, ko kuwa sai an aikata. A kan aure bakin yawancinsu ɗaya ne: namiji da mace, bisa Farawa 2:24, suna haɗawa da Romawa 1:26-27. A kan sha'awar ce aka rabu.

Wasu suna riƙe da Ibraniyawa 4:15, cewa an jarabci Yesu amma bai yi zunubi ba, don haka jarraba dabam, faɗuwa dabam. Wasu kuma suna cewa karkatacciyar sha'awa ita kanta tana bukatar tuba.

Sai batun suna. Sanarwar Nashville, wadda wasu shugabannin ikilisiyoyin bishara suka fitar a Amurka a 2017, ta ce bai dace mai bi ya ɗauki wannan hali a matsayin sunan da yake kiran kansa da shi ba. Taron Revoice na 2018 a birnin St. Louis na Amurka kuwa ya tara masu bi da ba su ɓoye abin da suke ji ba, amma suka zaɓi zaman kamewa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne labarin wata ƙungiyar Kirista mai suna Exodus International. Tun 1976 take yi wa masu sha'awar jinsi ɗaya alkawarin sauya musu wannan sha'awa, sai ga shi a 2013 ta rufe, shugabanta Alan Chambers ya fito ya nemi gafarar waɗanda aka cutar. Shi ya sa nake roƙonka, in wani matashi ya zauna gefenka bayan sujada, murya na rawa, ya faɗa maka sirrinsa, kada ka yi masa alkawarin da ba ya hannunka, kuma kada maganar ta wuce kunnenka.