Ba Kullum Ne Sanyi Ba: Amsoshin Tambayoyinku Kan Ɗaukewar Al'ada

Anti, shekaruna 47, ina Unguwar Rogo a Jos. Al'adata ta rikice, wani watan ta zo, wani ta ƙi. Da dare sai in ji kamar kiyashi na yawo a fatata, gwiwoyi da kafaɗa suna ciwo, gabana na faɗuwa ba gaira ba dalili. Na sha maganin taifod a kemis, babu sauƙi. Wata mai magani a wajen Taminus ta ce sanyi ne, tana da haɗi mai tsada. In saya?

'Yar'uwa, riƙe kuɗinki tukuna. Abin da kika zayyana ya yi kama da shekarun da ke gab da ɗaukewar al'ada. Yawancin mata tana ɗauke musu tsakanin shekara 45 da 55, kuma ba a cewa ta ɗauke sai an cika wata 12 ba a ga jini ba. Kafin a kai nan, sinadarin estrojin, wanda jikin mace ke samarwa don daidaita al'ada, yakan yi shekaru yana hawa yana sauka.

Zafin da ke tasowa daga ƙirji zuwa fuska da gumin dare, waɗannan an san su. Amma estrojin ba a mahaifa kaɗai yake aiki ba, yana da hannu a fata da gaɓoɓi da ƙashi da barci. Shi ya sa wata ke fama da ƙaiƙayi alhali babu ƙurji ko ɗaya, wata idonta ya bushe, wata harshenta ya riƙa raɗaɗi. Wata ta shiga ɗaki ta tsaya, ta manta abin da ya kawo ta. Abin da ke ci mini rai shi ne yadda ake ce wa irin waɗannan mata sammu ne ko iska, su yi ta kashe kuɗi cikin tsoro, alhali jiki ne ke sauya zango.

Kuɗin haɗin nan, kai shi asibiti. Je ki sashen mata na asibitin koyarwa na Jami'ar Jos (JUTH) da ke Lamingo ko asibitin da ya fi kusa da ke, a auna hawan jini da suga, a duba ƙarancin jini da matsalar tayirod (wata 'yar gaɓa a gaban wuya mai fitar da sinadari), domin su ma suna kawo faɗuwar gaba da kasala. Idan kafaɗar ta kai ba ki iya ɗaga hannu ki ɗaura ɗankwali, ki faɗa wa likita, akwai motsa jiki na musamman da ake koyarwa. Fata kuwa, hunturun Jos na ƙara busar da ita: ki rage zafin ruwan wanka, ki shafa man kaɗanya tun jiki na da danshi. Kuma ki sani, muddin jini na leƙowa, ciki na iya shiga.

Anti, na haura 50. Kwanciya da maigida ta zame mini azaba saboda bushewa, ga fitsari akai-akai da zafi. Ƙawaye na cewa in sayi kayan mata na matsi.

Hajiya, don Allah kada ki cusa komai. Raguwar estrojin ce ta sa fatar wurin ta yi siriri, ba ta jure gari ko haɗin da ba a san me ke ciki ba. Rauni za ki ƙara wa kanki. A famasi ki nemi man sulɓi wanda aka yi da ruwa, marar turare. Idan bai wadatar ba, akwai kirim ɗin estrojin na shafawa a wurin, likita ke rubuta shi, yana kuma rage yawan dawowar ciwon mafitsara. A gwada fitsarin kafin ki sake shan wani kafso. Shi kuma maigida a zauna a yi masa bayani, kada ya ɗauka gudunsa kike yi.

Ƙwayoyin ƙarin lafiya da ake tallatawa a WhatsApp fa?

Wanda ba shi da lambar NAFDAC, bar shi inda yake. Ƙashi na buƙatar kalsiyam kimanin miligiram 1,200 a rana bayan shekara 50, kuma kindirmo da riɗi da ƙananan kifin da ake ci da ƙayarsu suna taimakawa sosai kafin a je ga kwalba. Maganin maye gurbin sinadarin estrojin da ya ragu yana aiki ƙwarai ga mata da yawa, amma sai likita ya ji tarihinki, musamman idan kin taɓa yin sankarar nono ko daskarewar jini a jijiya.

Wadda kuma al'ada ta ɗauke mata shekara guda sannan ta ga jini, ko ɗigo ne, kada ta jira wata mai zuwa, ta ga likitan mata a makon.